Hut Arba'in a Jirgin Kawu

A unguwar Mansur, cikin birnin Makka, akwai wata yarinya 'yar shekara tara. Iyayenta Hausawa ne. Ta Sudan suka biyo, suka yi aikin Hajji, suka zauna. Babanta yana sayar da carbi da turare a wani ɗan shago.

A shekarun nan ne aka fara buɗe wa 'yan mata makarantun gwamnati. Babanta ya sa ta a ɗaya daga ciki. A gida Hausa ake yi, a makaranta kuwa Larabci. Yarinyar tana jin Larabci, amma bakinta bai saba ba. Kafin ta haɗa magana ɗaya, hira ta wuce.

Saboda haka ba ta da ƙawa. In an fita cin abinci, takan zauna a gindin bango ta ci gurasarta ita kaɗai. Akwai wata Bahaushiya a ajin, sunanta Hure. Amma ita a Makka aka haife ta, Larabci ya fi mata sauƙi. Tsakaninsu sai gaisuwa.

Wata rana malamarsu, wadda suke kira Abla, ta ba su labarin Annabi Yunusa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Ta ce kifin da ya haɗiye shi, da Larabci hut ake ce masa. Ta ce har yanzu akwai irinsa a teku. Tsawonsa ya fi ajinsu, kuma yana feso ruwa sama ta wata kafa a kansa.

Yarinyar ta riƙe kalmar nan sosai.

Ran nan da la'asar suka yi baƙo. Kawu Hashimu ne, ƙanen Innarta, wanda yake kamun kifi a Jidda. Yarinyar ta kawo masa shayi. Tana ajiyewa, sai ta ji yana ce wa Inna, "Jiya kam mun dace, Yaya. Hut arba'in muka shigo da su."

Saura kaɗan ta zubar da shayin. Ta so ta yi tambaya, amma ta ji kunya. Kawu ya ga ta zuba masa ido, ya yi dariya.

"Ke 'yar boko, ki zo hutu mana, ki ga hut."

Ya ce akwai wani ɗan tsibiri da masunta suke yada zango. In an rufe makaranta zai kai su su wuni a can. Baba ya amince.

Washegari yarinyar ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta je wurin 'yan ajinsu da kanta. Ta gaya musu za ta je ganin irin kifin Annabi Yunusa, kuma kawunta arba'in yake kamawa a rana. Yawancinsu ba su taɓa zuwa teku ba. Suka kewaye ta. Hure ma ta matso, ta roƙe ta in ta dawo ta fara ba ta labari.

Da aka yi hutu, suka shiga mota zuwa Jidda, ita da Inna da Baba. Kawu ya sa su a jirginsa na katako. Yarinyar ta duba jirgin. Bai kai rabin ajinsu ba. Ta yi ta lissafi a zuci.

Tsibirin farin rairayi ne, babu gida, babu itace ko ɗaya. Masunta sun kafa rumfa da tsohon ƙyallen jirgi. Da suka sauka, ta ja rigar Kawu.

"Kawu, ina hut ɗin?"

Ya buɗe wani kwando. Kifaye ne a ciki, jajaye da farare, mafi girmansu bai wuce hannunta ba.

"Ga su nan. Wanne za a gasa miki?"

"Ba waɗannan ba. Na Annabi Yunusa."

Kawu ya dube ta, sannan ya gane. Ya tsuguna, ya yi mata bayani a hankali. Ya ce su mutanen bakin teku kowane kifi hut suke ce masa, ko da ɗan mitsitsi ne. Wancan babban kuwa, a shekara ashirin da ya yi yana aikin nan, sau biyu kaɗai ya hango shi, daga nesa.

Yarinyar ta juya. Ta tafi can ƙarshen tsibirin ta zauna. Ta ƙura wa teku ido, ko Allah zai sa ya fito. Inna ta kira ta cin abinci, ta ce ba ta jin yunwa. Ƙaguwa ta bi ta kusa da ƙafarta. Fararen tsuntsaye suka yi ta faɗawa ruwa suna fitowa da kifi. Ta gan su, amma ba su take jira ba. Har rana ta karkata, babu abin da ya feso ruwa sama.

A hanyar dawowa, wasu dabbobi masu santsin jiki suka yi ta tsalle a gefen jirgi. Kawu ya ce sunansu abu salama, abokan masunta ne. Inna da Baba suka yi ta murna. Ita kuwa tunanin makaranta take yi.

Ranar da aka koma, 'yan aji suka tarye ta tun daga ƙofa. Hure ce a gaba. Yarinyar ta duba fuskokinsu. Ba ta so ta koma gindin bango.

Sai ta ce ta ga manyan kifayen. Ta ce ta ƙirga su da kanta, arba'in cif, a cikin jirgin kawunta.

Labari ya kai kunnen Abla. Ta ce yarinyar ta tashi ta gaya wa aji duka. Yarinyar ta tashi ta maimaita. Abla ta saurara har ƙarshe.

"Jirgin kawun naki, yaya girmansa yake?"

"Kamar daga nan zuwa allo."

"To, ɗiyata, yaya hut arba'in suka shiga ciki, bayan kowanne ya fi ajin nan?"

'Yan aji suka dubi juna. Can wata ta ƙyalƙyale da dariya, sauran suka kama. Abla ta tsawatar musu, ta ce yarinyar ta zauna. Hure ba ta yi dariya ba. Kanta kawai ta kawar.

Daga ranar suka sa mata suna Ummu Arba'in, wato Uwar Arba'in. In ta wuce, sai wata ta tambaye ta ko yau ɗari ta gani. Da can ba a kula ta ne kawai. Yanzu ko ta faɗi gaskiya, babu mai yarda. Hure ta daina ko gaishe ta.

Kwana huɗu tana dawowa da gurasarta ba ta ci ba. A na biyar Inna ta zaunar da ita. Yarinyar ta fashe da kuka, ta faɗi kome.

Inna ta share mata hawaye. Ta ce rashin gane kalma ba laifi ba ne. Ita ma da suka zo ƙasar nan ta sha yin kuskure a kasuwa, ana yi mata dariya.

"Da kin tambayi kawunki tun ranar, da kin huta. Amma abin da kika faɗa bayan idonki ya gani, wannan ƙarya ce. Ke za ki gyara ta."

"Za su ƙara yi mini dariya, Inna."

"Wataƙila. Amma ta yini ɗaya ce."

Da safe ta tsaya a gaban teburin Abla, ta nemi izinin magana. Ta fuskanci aji. A hankali take haɗa Larabcin, kuma babu wanda ya katse ta. Ta ce ba ta ga babban kifin ba. Ta faɗi yadda kalmar ta ruɗe ta. Ta ce ta yi ƙarya ne don tana tsoron su watse su bar ta. Ta nemi su yafe mata.

Abla ta rubuta kalmar a allo. Ta ce yau sun ƙaru, kalma ɗaya tana da ma'ana a littafi, tana da wata a bakin masunta. Sannan ta ce, "Yanzu gaya mana abin da kika gani da gaske."

Yarinyar ta ba su labarin tsibirin da babu itace, da tsuntsaye masu nutso, da abu salama masu tsalle. Tambayoyi suka yi yawa, har aka buga ƙararrawa ba su ƙare ba.

Da aka tashi, ta ji an taɓa kafaɗarta. Hure ce. Da wata gurguwar Hausa ta ce, "Gidanmu hanya ɗaya ne. Mu tafi tare?"

Suka tafi tare, ɗaya tana gyara wa ɗaya Hausa, ɗaya tana gyara wa ɗaya Larabci, suna dariya har ƙofar gida.

Yara, in ba ku gane magana ba, ku yi tambaya. In kun yi kuskure, kada ku rufe shi da ƙarya. Ƙarya tana tara mutane na ɗan lokaci, amma gaskiya ce take kawo abokin da zai zauna.