Takardun Gurguzu a Hanyar Kudan

Bayan samun 'yancin kai, sana'ata ita ce bin masu tsire ina karɓe tsofaffin takardun 'yan gurguzu kafin su naɗe nama da su. Ranar kasuwar Makarfi, bayan isha, wani tsoho ya tare kekena a hanyar Kudan.

"Kai ne Lado mai tara takardu?" Ya yi tsaki. "Mu muka sha bulala a kansu, kai kana jera su a akwati kamar kayan lefe."

Ya miƙo ƙunshi mai sanyi, yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na haska ƙafafunsa da fitilar keke. Marin ƙarfe ne ɗaure da su, yana jan tsakuwa, amma babu ƙara.

"Baba..."

"Karɓi mana. Da su aka binne ni, don kada 'yan doka su gani. Ko can babu mai karantawa."