Abin da Aka Tono a Bayan Banɗakin Baba Azariya

Ƙarar faɗuwar bokiti ce ta fito da Mama Tamar daga kicin ranar Talata da safe. Ta tarar da mijinta, Baba Azariya, tsohon hedimasta, kwance a ƙasan banɗaki, tafin hannunsa ya ƙone, famfon ruwan zafi yana ta zuba. Maƙwabta suka kashe wuta daga mita, suka kai shi asibiti a Kafanchan. Kafin yamma ɗansu Rufus ya iso Kagoro daga Abuja, bai ko ajiye jaka ba ya sa aka kama Justin, mai gyaran wutar da ya saka musu sabuwar hita ta dumama ruwan wanka.

Sufeto Faustina aka ba binciken. Rufus ya cika mata ofis da faɗa. Ya ce shi dai hita ya saya, tunda tsohuwar ta mutu, don tsofaffi su daina wanka da ruwan sanyi a gindin dutse, amma kayan haɗin da Justin ya ce sai an saya sun kusa kamo kuɗin hitar kanta. Tun a lokacin ya yi zargin wayo ne. Yanzu ga mahaifinsa kwance, likita ya ce zuciyarsa ta girgiza, kuma idan wani abu ya faru, kisan kai zai sa a rubuta.

Justin bai yi gardama a kan kuɗin ba. Ya ce tsohuwar hitar a kan siririyar waya take, ikon Allah kawai ya hana ta kama wuta. Sabuwa tana buƙatar waya mai kauri daga mita, da bireka mai katse wuta tata ita kaɗai, da bawul mai sakin tururi. Sai babban abu, wayar ƙasa: sandar jan ƙarfe da ake kafawa a rami bayan banɗaki, a zuba gawayi da gishiri don ƙasar ta riƙe danshi.

“Madam, in akwai wayar ƙasa, ko hita ta lalace, wuta ba za ta bi jikin mutum ba. Ƙasa za ta bi, bireka ta faɗi.”

“To me ya sa ba ta faɗi ba?”

“Shi nake tambayar kaina tun da suka rufe ni.”

Faustina ta fara da shagon da aka sayi kayan. Alhaji Hussaini, mai shagon, ya rantse hitar ta kamfani ce, ya kuma tuna sandar jan ƙarfen sarai, domin Justin ya ƙi mai araha, ya tsaya sai da aka ɗauko mai nauyi daga ciki. Ta sa wani mai gyara ya buɗe hitar a gabanta. Ƙarfen da ke dumama ruwan ya tsage, alamar an kunna ta alhali tankin sama ba ruwa. Wannan kuskure ne da ake yi a kowane gida da rani, ba laifin mai shago ba ne. Abin da ya rage shi ne dalilin da ya sa wutar ta rasa hanyar ƙasa.

Washegari ta zaga bayan banɗakin, Rufus yana biye da ita. Koriyar waya tana lilo a jikin bango, ba ta haɗe da komai. Ta sa hannu a ramin, ƙasar a sake take, ga ɓurɓushin gawayi, babu sanda.

“Kin gani ko?” in ji Rufus. “Bai saka ba.”

Ta jawo wayar ta duba. Bakin wayar ya baje, da shatar inda maƙalli ya taɓa matse shi, wato an haɗa ta da sanda a dā, kuma kwance ta aka yi, ba yankewa ba. Masu satar ƙarfe ba su da wannan haƙurin, wuƙa suke sawa su gudu, balle ma gida mai doguwar katanga da kare. Da ta ɗaga kai sai ta ga tabon mai a bango, an shafa shi da yatsa, siffar giciye. Ta daɗe tana kallonsa. Mahaifiyarta ma tana ajiye kwalbar man zaitun na addu'a a bayan Littafi Mai Tsarki.

Ta tura Rufus ya kai abinci asibiti, ta zauna da Mama Tamar a kicin, ta karɓi wuƙa tana taya ta kankare citta. Ba ta ambaci hita ba. Ta tambayi lafiyar Baba kafin wannan abu, aka ce ƙafafunsa ne suka matsa masa tun bayan aikin Justin. A hankali sauran zancen ya fito. Mama ta leƙa ta taga ranar aikin, ta ga yaron yana zuba gishiri da gawayi a rami yana binne ƙarfe, ga shi kakansa da Baba sun taɓa rigima a kan gona, sai ta ɗauka asiri ne. Ta kasa gaya wa Baba, domin shi ba ya son irin wannan magana. Sai ta gaya wa Kaleb, wani mai bin gidaje yana addu'ar tone asiri. Ya zo ranar Asabar, Baba yana taron dattawan majami'a. Ya yi addu'a, ya nuna wurin, ya tono sandar, ya ce zai kai ta kan dutse ya ƙone, in ta faɗa wa wani kuwa ciwon zai dawo ninki.

“Mama, kafin ya fara tono, me ya ce ki yi?”

“Ya ce in kashe wutar gidan duka daga mita.”

“Don me?”

“Wai kada mugun ruhu ya bi waya ya shiga ɗaki.”

“Da me ya raba sandar da wayar?”

Tsohuwar ta ajiye cittar. Ta ce, “A jakarsa akwai sufana.”

A Manchok aka kama Kaleb, sanye da doguwar farar riga. Ya ce shi bai san komai a kan wuta ba, abin da aka nuna masa cikin ruhu shi ya cire. Faustina ta bar shi ya gama, sannan ta ce mutumin da ya ɗauka asiri yake tonowa ba ya kashe mita, ba ya kuma zuwa da sufana daidai girman noti. Wanda ya san waya ce mai iya ɗaukar wuta shi ke yin haka. Mai gidan da yake haya ya riga ya gaya mata cewa aikin wayarin ya koya a Jos kafin ya koma addu'a, kuma a ƙarƙashin gadonsa an sami sandunan jan ƙarfe, wasu da laka a jiki.

“Ka san abin da sandar take tsarewa,” ta ce. “Ka cire, ka bar tsofaffi biyu da famfon ƙarfe. Yanzu faɗa min gidajen da sauran suka fito, kafin wani ya shiga wanka.”

Ya fara lissafa unguwanni, kansa a ƙasa.

Da yamma aka saki Justin. Rufus ya ba shi hannu ba tare da ya kalle shi ba, sannan ya ja Faustina gefe, ya roƙe ta kada sunan mahaifiyarsa ya fita, domin ita ce shugabar zumuntar mata. Amma Faustina ta san tun ranar Talata gidaje suke kiransa suna janye aiki, kuma takardar saki ba ta yawo a gari yadda jita-jita take yi. Ba ta da ikon tilasta wa tsohuwa magana.

Mama Tamar, wadda ke zaune a benci, ta ji su. Ta miƙe, ta gyara ɗankwalinta, ta tsaya gaban Justin.

“Ɗana, ka zo sujada ranar Lahadi, ka zauna a gaba. Lokacin shaida ni zan fara tashi.”

“Mama,” in ji Rufus, “mutane za su yi dariya.”

“Su yi,” ta ce. “Kai ni asibiti. Babanka zan fara gaya wa.”