Kada Ki Motsa

Magariba ta kawo jiki, tsakar gida ya yi tsit, sai famfo da ke ɗiga a cikin bokiti. Mai Hoto yana zaune a bakin ƙofar ɗakinsa. Shekara talatin ya yi yana ɗaukar mutane hoto a shagonsa kafin wayoyi su rufe masa shi, sunan ne kawai ya rage. Matarsa ta rasu bara. Gidan daga shi sai 'yarsa Auta.

Akwai abin da ke cin ransa, bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ya ɗauki amare, ya ɗauki jarirai, amma ba shi da hoton matarsa ko ɗaya. Duk sanda ta ce ya ɗauke ta, sai ya ce, "Ke da kike gida? Gobe."

Auta ta fito da wayarsa a hannu tana tsaki.

"Baba, furen lemon nan nake so in ɗauka. Ko ya fito baƙi ƙirin, ko fari fat."

"Kashe fitilar wayar tukuna, ita ke ƙona miki hoto," in ji shi. "Goge idon kyamarar. Ki jingina ta a kan bulo, ki danna, ki riƙe numfashi daƙiƙa uku. Hasken dare a hankali yake shigowa, sai an yi masa haƙuri."

Ta yi yadda ya ce. Hoton ya fito tas: ga lemo, ga igiyar shanya, ga 'yar kujerar marigayiya da ba wanda ya ɗaga daga gindin bishiyar. A kan kujerar akwai wani abu kamar hayaƙi, a zaune.

Auta ta ce datti ne, ta shige ɗaki. Shi kuwa ya daɗe yana kallo.

Washegari, da ta yi barci, ya kakkaɓe tsohon ƙarfen kyamararsa mai ƙafa uku, ya ɗaure wayar da roba don kada hannu ya girgiza ta. Ya ajiye 'yar fitila a bayan bokiti, haske ya zo ta gefe. Kafin ya danna, bakinsa ya faɗi abin da ya saba faɗa shekara talatin.

"Kada ki motsa."

A dare na uku kafaɗu suka fito. A na bakwai, ɗankwali. A na goma fuska ta bayyana, fuskar matarsa sak, har da wushiryarta. Ya san ba ita ba ce, wallahi ya sani. Amma kaɗaici ya riga ya cinye shi, ya rungume wayar ya yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Daga ranar aka fara jifa. Tsakuwa ɗaya-ɗaya a kan kwanon rufi, ba gaggawa, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. In ya leƙa, ba kowa. Wani lokaci ya ji murya ƙasa-ƙasa daga gindin lemon tana cewa, "Gobe. Gobe." Auta ta daina cin abinci, ta daina tsokanarsa, ta rame har zobenta ya zame.

Ran nan da dare ya fito da wayarsa, sai ya tarar da Auta a kan kujerar. Hannuwanta a kan gwiwa, idanu a buɗe ba ƙiftawa.

"Auta?"

Bakinta ya buɗe, amma muryar ta wata tsohuwa ce.

"Ban motsa ba. Ɗauka mana."

Wayar ta kusa suɓuce masa. Ya yi salati, ya yi kiran sunanta har muryarsa ta dishe. Haka ta zauna har asuba.

Maƙwabcinsa ne ya kawo masa wani malami, tsoho siriri da ba ya ɗaga murya. Malam ya zauna a gaban yarinyar ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Can jikinta ya ɗauki rawa, ta toshe kunnuwa.

"Ya isa, Malam! Kana ƙona ni."

"Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi min komai ba. Tun kafin a gina gidan nan nake wurin nan, ba wanda ya taɓa duba inda nake. Shi ya kunna min fitila. Shi ya ce in zauna. Na ga fuskar da yake nema, na ara masa. Hayaƙi ba ya zaunuwa, Malam. Na gaji. Shi ya sa na nemi jiki."

"Jikin ba naki ba ne. Ki ji tsoron Allah ki fita."

"A bar min ita da dare, ku riƙe ta da rana."

"Ko ƙiftawar ido."

Malam ya koma karatu. Ta yi ƙara, tsakuwa ta zubo a kan rufi kamar ruwan sama.

"Zan fita! Amma ya ɗaure ni a wayarsa. Ya goge ni da hannunsa."

Malam ya juyo ya dubi Mai Hoto. Mai Hoto ya buɗe wayar ya goge hoto na farko, ya goge na biyu, har ya zo kan na goma. Matarsa tana kallonsa tana murmushi. Ya danna.

Aljanar ta yi wata 'yar dariya mai ban tausayi.

"Ni za ka yi wa wayo? Ka san wayar tana ajiye abin da aka goge har wata guda. Buɗe can."

Gaskiya ta faɗa, da wannan ya dogara. Kunya ta rufe shi. Ya buɗe, ga fuskar nan tana jira. Ya dubi wayar, ya dubi 'yarsa, ƙasusuwan wuyanta duk a waje, leɓunanta sun bushe. Ya goge, gogewar da ba dawowa.

"To," in ji muryar, can ƙasa. "Ni ma ba wanda zai sake ce min in zauna."

Auta ta yi atishawa sau uku, ta sulale. Mahaifinta ya tare ta kafin ta kai ƙasa. Rufi ya yi shiru, ba a jin komai sai famfo.

Bayan kwana biyu, da hantsi, ta fito tana dafa bango. Ya ɗauke kujerar daga gindin lemo, ya ajiye mata wata a inda rana ke sauka.

"Zo ki zauna in ɗauke ki."

"Haba Baba, a haka? Dubi yadda na koma. Bari sai gobe."

Ya ɗaga wayar, idonsa ya cika da ƙwalla.

"A'a," ya ce. "Yau."