Shafin da Aka Rataya wa Baba Mai Agogo

Da hantsi aka bugo waya ofishin 'yan sanda cewa an sami wani tsoho kwance cikin jini a shagonsa. Sufeto bai tsaya ƙarasa shayinsa ba. Mutum ne da kujera ba ta riƙe shi, ko rahoto a tsaye yake rubutawa, makullan mota na kaɗawa a yatsansa. Ya ƙwala wa Saja kira, suka fita.

Shagon ɗaki ne guda a jikin gidan tsohon, ƙofarsa na kallon titi. Baba Mai Agogo ake ce masa, don gyaran agogo ne sana'arsa tun yana saurayi. Maƙwabta sun riga sun kai shi asibiti.

Teburin aiki a kife yake, ƙananan ƙusoshi da gilasai sun warwatse. Amma agogunan bango suna nan lafiya, kowanne na tafiyarsa.

"Ɓarawon nan ba shi da ido, Yallaɓai," in ji Saja. "Ga kaya ya bari."

"Ba sata ya zo ba."

Sufeto ya durƙusa kan wani sawun takalmi mai faɗi. Ya dangwali ƙurar, ya murza a yatsa. Siminti ne. Ya ɗaga kai, ya ga wata ƙusa a bango ba komai a kanta, alhali fentin ƙasanta ya goge kamar an daɗe ana rataya abu a wurin.

A asibiti suka tarar da tsohon an naɗe masa kai, ido ɗaya a kumbure. 'Yarsa na zaune a bakin gado tana yi masa fifita. Malamar makaranta ce, kowa Malama yake kiranta.

"Baba, sannu. Ka gane wanda ya yi maka haka?"

"Sai ka ɗaga murya, Yallaɓai," in ji Malama. "Kunnensa ya yi nauyi."

Sufeto ya maimaita da ƙarfi.

"Ya rufe fuskarsa, ɗana. Ƙato ne. Ina buɗe shago ya shigo, ya ce, 'Kai ne Injiniya?' Na ce ni ko makarantar injiniyoyi ban san hanyarta ba. Ya ce in sauke shafina daga intanet. Na ce wane shafi? Sai na ji ni a ƙasa." Tsohon ya dubi 'yarsa. "Ya ce in shafin ya kwana zai dawo. Ya ce ya san yara biyun da ke zuwa wurina in an tashi daga makaranta."

Fifitar ta tsaya a hannun Malama. 'Ya'yanta ne. Kullum a shagon kakansu suke jiranta har ta tashi daga aiki.

"Me ake ratayawa a ƙusar da ke bayan tebur?" Sufeto ya tambaye ta.

"Tsohuwar jakar kwamfuta ce, maigidana ya ba shi. Babu kwamfuta a ciki, agogunan mutane ne da ya gama gyarawa. Har da ɗan agogonsa na shan magani. Da la'asar yake kaɗawa, ƙararsa kamar ta motar kashe gobara. Da shi yake shiga gida, da shi yake fitowa."

"Akwai wanda yake rigima da shi?"

"Baba? Ko kaza ba ta jin haushinsa. Sai dai waya. An daɗe ana damunsa da kira. Wasu su ce za su ƙawata masa shafi, wasu zagi kawai. Sau ɗaya na karɓa, na ji mutum yana ta kumfar baki a kan wani abu wai shi Bulon Ƙarya. Na ɗauka kuskuren lamba ne."

A baranda suka ci karo da mijin Malama, riƙe da flas ɗin ruwan zafi. Siririn mutum ne mai tsafta, ma'aikaci a ofishin duba gine-gine. Ya miƙa wa Sufeto hannu, wani tsohon agogo mai jan maɗauri ya leƙo daga hannun rigarsa.

"Ka taɓa jin Bulon Ƙarya?"

"Ban taɓa ba, Yallaɓai. Mene ne shi?"

"Shiga mana, ka duba surukin naka."

"Zan shiga. Kada in takura masa ne."

Sufeto ya yi gaba. Da ya waiwayo daga ƙarshen barandar, mutumin na nan tsaye da flas, bai taɓa ƙofar ba.

A ofis akwai wata kofur mai kula da laifukan kwamfuta. Sufeto ya tsaya a bayanta yana kaɗa makullai.

"Yallaɓai, don Allah ko ka zauna ko ka ajiye makullan nan. Kaina zai tsage."

"Nemo min Bulon Ƙarya."

Nan take shafin ya buɗe. Hotuna ne na bulo marasa ƙwari, wasu sun narke a ruwa, wasu sun ruguje a ƙarƙashin injin gwada nauyi. Ƙarƙashin kowane hoto an rubuta gidan bulon da ya yi shi. Babu sunan mai shafin ko'ina.

"To yaya aka yi mutum ya ɓoye haka, aka je aka fasa kan mai gyaran agogo?"

"Duk wanda zai buɗe shafi sai ya sayi sunan shafin a wurin kamfani," in ji Kofur. "Kamfanin zai karɓi sunansa da lambar wayarsa da adireshin gidansa. Akwai wurin da za ka danna ka ce a lulluɓe maka su. In ka danna, mai nema sunan kamfanin kawai zai gani. In ba ka danna ba, to ka rubuta adireshinka a allon talla ne. Kowa na iya dubawa."

Ta duba. Ga shi ɓaro-ɓaro: sunan tsohon, an liƙa masa Injiniya a gaba, sai lambar wayarsa, sai lambar gidansa da layinsu.

"Tsohon da ko saƙon waya bai iya buɗewa ba," Sufeto ya ce. "Koma kan hotunan. Wancan. Ƙara girmansa."

A gefen hoton, hannun da ya dafe bulon a kan injin ya fito kaɗan. Agogo ne a ɗaure, mai jan maɗauri.

Sufeto bai yi sallama da Kofur ba. Ya tura ɗan sanda ya tsaya a ƙofar makarantar yaran, shi kuma ya ɗauki Saja ya koma asibiti.

Ya sami mijin Malama a gindin bishiya wajen ajiye motoci, flas ɗin har yanzu a hannunsa.

"Agogon nan naka ya yi kyau. Wa ya ba ka?"

"Baba ne. Tun lokacin aurenmu."

"Ya fito a hoto."

Mutumin ya dubi agogon, ya dubi ƙasa.

"Yallaɓai, gine-gine ke faɗowa a kan mutane. In na kai rahoto a ofis, sai a danne. Shi ya sa na buɗe shafin. In aka gane ni ne, aikina ya tafi."

"Ban tambaye ka wannan ba. Me ya kai sunan tsoho ciki?"

"Dole sai an sa suna da adireshi."

"Ba ka ga wurin lulluɓewa ba?"

"Na gani. Na ce ko sun lulluɓe, ai su kamfanin sun san ni, wata rana a bi ta hannunsu a same ni. Da na sa na Baba kuwa, sai na ga ba abin da zan ɓoye, ai ba nawa ba ne. Ban zaci wani zai duba ba. Kuma na ce ko an duba, wa zai taɓa tsoho?"

"Ga shi an taɓa."

Akwai masu son a yi gaskiya amma da fatar wani. Sun fi maƙaryata wuyar sha'ani, domin su a ganinsu mutanen kirki ne. Wannan bawan Allah ya kama maciji da hannun surukinsa, ya koma gefe yana jin daɗin jarumtarsa.

"Zan sauke shafin yanzu, Yallaɓai. Wallahi yanzu."

"Shafin bai yi laifi ba, kai ka yi. Wa ka taɓa kwanan nan har ya ji zafi?"

"Mai gidan bulon da ke bayan tashar manyan motoci. Yana kai bulo ginin wata makaranta. Da hotunan suka fita aka dakatar da shi."

Sufeto ya dubi inuwar bishiyar. Ta fara miƙewa gabas, la'asar ta gabato. Ba shi da takardar izinin bincike, kuma kafin a sa mata hannu gari ya waye, jakar ta yi ƙafa. Abu ɗaya ya rage masa, shi ma in lokaci bai wuce ba.

"Shiga mota. In mun je kada ka fito."

Gidan bulon fili ne babba, injin na ta rugugi, leburori na jera bulo a rana. Ofishin ɗaki ne na kwano, da tebur, da kabad na ƙarfe, da buhunan siminti a jibge a lungu. Mai Bulo ƙato ne mai fara'a, ya tarye su hannu biyu.

"Manyan baƙi! Yallaɓai, gini za a yi? In ba ka farashin gida."

"Ina ka je da safe?"

"Bakin rafi, wajen masu yashi. Tambayi kowa."

"Ka san shafin Bulon Ƙarya?"

"Ni? Ni da wayar zamani sai dai in gan ta a hannun yara. Ban san shafi ba, ban san intanet ba. Bulo na sani."

Sufeto ya dubi takalminsa. Faɗinsa ya yi, amma duk wanda ke filin nan siminti ne a ƙafarsa. Wannan ba hujja ba ce.

"Sa a kashe injin nan, ba na jin maganarka."

Aka kashe. Wurin ya yi tsit. Sufeto ya shiga kai da kawowa a ɗan ofishin, daga ƙofa zuwa taga, daga taga zuwa ƙofa. Ya tambayi sunan direban gidan bulon. Ya tambayi inda ake sayen siminti. Ya sake tambayar sunan direba. Saja ya dube shi da mamaki, don bai taɓa ganin maigidansa yana ɓata lokaci ba.

Fara'ar Mai Bulo ta fara dusashewa.

"Yallaɓai, in kama ni za ka yi, ka kama ni. In ba haka ba, leburori na zaune, rana na tafiya."

"Sauri kake?"

"Kai ma ai ka kasa zama."

Gumi ya tsattsafo wa Sufeto a wuya. Wataƙila an jefar da jakar a kwata. Wataƙila ba shi ba ne. In ya fita daga nan hannu rabbana, mutumin da ya san fuskar yara biyu zai kwana a sake. Ya buɗe baki zai sake wata tambayar banza.

Sai ƙara ta ɓarke daga bayan buhunan siminti, mai tsinin gaske, kamar motar kashe gobara ta shigo ɗakin.

Saja ya ture buhu biyu, ya zaro baƙar jakar kwamfuta. Ya zuge ta. Agogunan hannu ne a ƙulle cikin tsumma, da ɗan agogon tebur yana ta tsalle.

"Lokacin maganin tsoho ya yi," in ji Sufeto. "Me ya hana ka jefar da ita?"

Mai Bulo ya zube a kujera. Wanda ya saba rage siminti a bulon da za a gina wa yara aji ba zai iya jefar da jaka cike da agoguna ba, ko da za ta ƙone masa hannu.

"Kwamfuta na zata," ya ce daga baya. "Akawuna ya duba min mai shafin, ko shayi bai huce ba ya kawo min suna da adireshi. Na yi kwanaki ina kewaya layin. Tsoratarwa kawai na je yi. Shi ya raina min hankali, wai agogo yake gyarawa! Tsohon nan ya kashe min kasuwa, Yallaɓai!"

"Ba shi ba ne."

Mijin Malama ne tsaye a bakin ƙofa.

"Ni ne mai shafin. Baba bai san komai ba."

Mai Bulo ya zaro ido. "Kai? Kai da kake zuwa nan duba bulo, muna gaisawa, ina tambayar iyali? To me ya sa ka sa sunan tsoho?" Ya girgiza kai yayin da Saja ke ɗaura masa ankwa. "Da naka na gani, da kai zan nema. Da ban ga na kowa ba, da sai dai in yi ta zagi a ɗakina."

Saja ya tasa ƙeyarsa zuwa mota, leburori suka dare suka ba su hanya.

Agogon bai daina kaɗawa ba. Sufeto ya danne shi, ya juyo ga mijin Malama.

"Yau ɗin nan za ka cire sunan tsoho, ka sa naka, ka lulluɓe shi yadda ya kamata tun farko. Gobe ka zo ofis, akwai bayanin da za ka yi kan amfani da sunan wani. Wannan tsakaninka da hukuma ke nan, kuma shi ne mai sauƙin."

"Mai wuyar fa, Yallaɓai?"

Sufeto ya buɗe masa ƙofar mota.

"Surukinka bai sha magani ba, agogonsa kuma ya zama shaida. Kai za ka je ka tuna masa. Ka shiga ɗakin wannan karon, ka faɗa masa komai a gaban 'yarsa. Kuma ka ɗaga murya, kunnensa ya yi nauyi."