Ina Fitilarka?

Ukasha ya fito daga gidan malaminsa bayan isha'i yana huci. Shekara biyu yana bincike kan ƙofofin lungunan Alƙahira, waɗanda a da ake garƙamewa da dare, a cafke duk mai yawo ba fitila. Yau malamin ya wurgo masa takardunsa, wai tatsuniya ce.

Ya yanke ta wani lungu a bayan masallacin Azhar. Ƙarar motoci ta ɗauke, warin man fitila ya bugi hancinsa. Wani tsoho mai sanda ya tare hanya.

"Ina fitilarka?" in ji tsohon, da Larabci irin na tsofaffin littattafai.

"Baba, matsa min. Yau raina a ɓace yake."

"Ba mai wucewa ba fitila."

Ukasha ya zaro waya ya dalle masa fuska da haskenta. "Ga ta. Khalas, shi ke nan?"

Hasken ya ratsa tsohon, ya sauka kan ƙatuwar ƙofar katako mai ƙusoshi. Ukasha ya san ta. Da hannunsa ya rubuta yadda sojojin Faransa suka ɓalle ta, shekara ɗari biyu da ɗoriya.

Wayar ta mutu. Muryar ta dawo dab da kunnensa.

"Ina fitilarka?"