Faifan Inna Iyatu

"Kamilu, kalli idona ka faɗa min... gaskiya ne gobe za ka Kiyawa ɗauko wasu matan?"

Kamilu ya sunkuyar da kai. A zauren gidansu Sa'adiyya suke bayan la'asar, saura sati uku a ɗaura musu aure.

"Kawu ne ya aike ni, Sa'a. Kin san shi ya riƙe ni tun ina shekara shida..."

"Ni kuma wa ta riƙe ni? Ba wadda ƙurar sitonsa ta cinye wa ƙirji ba?"

Kwana takwas ke nan da matan da ke tsince zoɓo a siton kawunsa, Alhaji Nata'ala, a nan Dutse, suka ajiye aiki. Sito ne dogo, babu taga ko ɗaya, don Alhaji ya ce rana tana kashe wa zoɓo ja. Inna Iyatu, mahaifiyar Sa'adiyya, shekara goma sha ɗaya ta yi tana shaƙar ƙurar nan, tari ya kwantar da ita, da damina ta rasu. Ranar sadakar arba'in matan suka haɗa baki: a fasa tagogi, ko kuwa babu mai ƙara taɓa buhu. Kullum da safe sai su kife faya-fayansu a ƙofar siton su zauna. Sa'adiyya, wadda ita ma a siton take aiki, ita ce a gaba, da faifan Inna mai jan ƙyalle ɗinke a baki.

"Haba abar ƙaunata," Kamilu ya kwantar da murya, "ki bari a ɗaura. Bayan biki ni da kaina zan lallaɓa Kawu."

"Bayan biki! Inna ma haka ta dinga cewa, bayan kaka, bayan sallah... Kakata fa da goyo a bayanta ta taka ta jefa ƙuri'a ranar da aka fara barin mata su yi zaɓe, mijinta na ta fushi. Ni zama kawai zan yi, shi ma in kasa?"

Tari ya sarƙe ta, ta toshe baki da mayafi.

"Sa'a, mene ne haka?"

"Mura ce. Je ka, kar Kawu ya neme ka."

Washegari da hantsi ya iso da mata ashirin a bayan akori-kura. Ya tarar da faya-fayai a kife reras, matan na zaune a bayansu. Alhaji na tsaye gefe yana huci.

"Buɗe ƙofar nan, Kamilu! Ko sai na zo da kaina?"

Ya nufi ƙofar da makulli a hannu, yana neman inda zai sa ƙafa, bai yarda ya kalli kowa ba. Alhaji ya ƙara daka masa tsawa, ya zabura. Sai ya ji abu ya lotsa a ƙarƙashin takalminsa. Ya duba... jan ƙyalle.



Sa'adiyya ta taso. Ta durƙusa ta zare faifan, bakinsa ya yage, tana kaɗe ƙasar da hannunta. Nan tarin ya taso mata, ya ƙi tsayawa. Da ta ɗago mayafin daga bakinta, kowa ya ga jini.

Babbar matan Kiyawa, Goggo Ikilima, ta sauko daga mota a hankali.

"Ɗan nan, ce mana ka yi aiki ya yi yawa, hannu ya yi kaɗan. Ba ka ce gurbin masu aman jini za mu shiga ba."

Ta kife faifanta kusa da na sauran ta zauna. Ɗaya bayan ɗaya suka sauko suka yi yadda ta yi.

Kamilu ya juya, ya damƙa makullin a hannun kawunsa.

"Kawu, ka yafe min. Ba zan iya ba."

A asibiti likita ya ce huhun Sa'adiyya ya daɗe da lalacewa. Ashe tun kafin Inna ta rasu take ɓoyewa. Alhaji kuwa, da ya ga ko'ina ya aika neman mata sai labarin ya riga shi zuwa, ya kira magini.

Kamilu ya shigo ɗakin da aka kwantar da Sa'adiyya da gudu, rigarsa duk siminti.

"An fasa, Sa'a! Guda shida!"

"Da idonka ka gani?"

"Ni na riƙe wa magini tsani."

"Iska na shiga?"

"Har mayafan mata take ɗagawa..."

Ta yi murmushi, ta lumshe ido. Ya ciro faifan daga leda, ya riga ya kai an ɗinke masa baki.

"Ki yafe min, wallahi ban gani ba."

"Na sani, Kamiluna. Ai tun a ranar na yafe." Ta shafa jan ƙyallen. "Share hawayenka mana... wane irin ango ne haka?"

Ranar Alhamis ta cika, saura kwana biyu a ɗaura aure. Tabarmin da aka aro don ɗaurin aure, su aka shimfiɗa wa masu gaisuwa.

Matan suka rataye faifan a ƙarƙashin tagar farko. Kamilu bai koma aikin siton ba, amma kullum da safe sai ya biyo ta bayansa ya tsaya jikin tagar nan, yana jin hirarsu tana fitowa, kafin ya wuce.