Motar Abban Fasinja

Auta ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin da labule a hannu.

A kan teburin, tsakanin kwalaben fenti da ƙananan burusai, ga motar marigayi mijinta.

Tsawonta bai wuce tafin hannu ba, amma ita ce. Wannan shuɗin mai duhu, wannan lambar, har da jan zaren da yake ratayawa a madubi. Sai dai babu taya ko ɗaya. Babu gilashi. Murfin injin yana gefe a kife, ƙofa ɗaya a lotse, kujeru a warwatse a kan takarda.

Kusan haka ta ganta a bayan motar da ta jawo ta, ranar hatsarin, da aka ce mata ta yi haƙuri.

"Ni ma ban so in nuna miki ba," in ji 'yar gwaggon Bakanike, mai neman auren Auta, wadda ta kira ta gidansu da sunan wai mahaifiyarsa na son ganinta. "Amma ke ma mace ce kamar ni. Kullum yana nan duƙe a kanta. Da idona na ga ya gasa cokali ya danna ƙofar nan... yana murmushi."

Auta ta saki labulen, ta nemi takalmanta da ƙafa, ta fita ba tare da ta gaida kowa ba.

Shi Bakanike ba bakanike ba ne. Aikinsa haɗa haƙoran roba a wani asibitin haƙori. Yayan Auta ne ya laƙaba masa sunan don tsokana, wai bakaniken tebur, wanda bai taɓa ɓata riga da baƙin mai ba. Da zarar ya tashi aiki sai ya zauna da kwalin ƙananan motocin roba da ake sayarwa a warwatse, ya yanke, ya goge da samfefa, ya manne, ya yi fenti, har sai mutum ya rantse in ya sa kunne zai ji ƙarar inji.

A shagonta na kayan kwalliya suka haɗu. Ya shigo yana neman burushin hoda mafi laushi da hodar ido ruwan ƙasa. Ta tambaye shi ko ta madam ce, ya ce a'a, ta tirela ce. Ta ɗauka bai da lafiya, sai ya nuna mata a waya: wata 'yar tirela da ƙura a tayoyinta da tsatsa a gindin ƙofa, duk da hodar mata aka yi su. Ranar ce ta fara dariya da ƙarfi tun rasuwar mijinta.

Daga nan ya riƙa dawowa. Yau tsinken auduga, gobe man goge farce, jibi babu abin da zai saya. 'Yarta mai shekara shida tana wuni a shagon in an tashi daga makaranta. Fasinja ake ce mata, sunan da Abbanta ya sa mata don ba ya tada mota sai tana kujerar baya. Ita da Bakanike sukan zauna a bencin bakin shago suna kallon hotuna a waya, tana kiransa Kawun Motoci.

Umma, mahaifiyar Auta, ba ta taɓa son maganar aurensu ba. Ta ce ƙaton mutum da gemu yana wasa da motocin yara, shi zai riƙe yarinyar ne ko su riƙa faɗa a kan kayan wasa? Auta ce ta tsaya masa. Ba da ido rufe ta tsaya ba: ta tambaye shi inda yake ajiye fenti da wuƙaƙensa, ya ce a kabad mai makulli, ta ce ba za a fesa komai a gidan da 'yarta ke numfashi ba, ya ce dama a waje yake fesawa. Sai da ta gamsu sannan ta ce wa Umma wannan take so.

Yanzu ga ta ta dawo gida, ta zube a gaban Umma tana ba da labari.

Umma ba ta ce ai na faɗa miki ba, amma fuskarta ta faɗa. Yaya kuwa ya ce a ba shi izini kawai, da silifa ɗaya zai rushe garejin gaba ɗaya. Babu wanda ya yi dariya.

Auta ta daina ɗaukar wayar Bakanike. Da ya ga haka sai ya zo shagon, ya tsaya a gaban kanta riƙe da hularsa, ya tambaye ta laifin da ya yi.

"Ka tambayi teburinka," ta ce.

Ta ga yadda fuskarsa ta sauya.

"Kin ganta? Auta, ai ba a gama ta ba ne..."

"Saura me? Jini?"

Ya buɗe baki zai yi magana, sai idonsa ya faɗa kan Fasinja da ke leƙowa ta bayan kanta. Yarinyar ta girgiza masa kai a hankali. Auta ba ta lura ba, don hawaye ya rufe mata ido. Ya haɗiye abin da zai ce.

"Ni zan iya jure komai," ta ce. "Amma kada ka ƙara zuwa inda 'yata take."

Ya sa hularsa, ya tafi.

Kwanaki suka shuɗe. Ta buɗe shago, ta rufe shago. Burusan hodar da ta ware masa suna nan a ƙasan kanta, ta kasa mayar da su cikin kaya. Abin da ya fi damunta shi ne Fasinja. Yarinyar da bakinta ba ya hutawa ta koma zama a benci ita kaɗai, tana tura murfin kwalba a kan katako kamar mota.

Wata safiya Auta na taje mata kai za ta makaranta, sai ta ji ta ce:

"Mama, Kawun Motoci ya fasa yi min motar Abba ne?"

Matajin ya tsaya.

"Wa ya ce zai yi miki?"

"Ni na sa shi. Na ce kar ya faɗa miki, sai an gama mu ba ki mamaki."

Auta ta juyo da ita, ta durƙusa har idanunsu suka daidaita. Ta ce ta faɗa mata komai, ba za ta yi faɗa ba. Yarinyar ta yi ta murza gefen rigarta kafin ta fara. Wai in ta rufe ido tana son ganin Abba, fuskar ba ta zuwa kuma. Hotunan da ke bango ba sa motsi. Amma motar tana zuwa, da warin kujerunta, da bayan kansa in yana tuƙi. Shi ne ta ce wa Kawu ya yi mata ita kafin ita ma ta gudu.

Ya yi ta farko, ya nuna mata a waya, sabuwa fil tana sheƙi. Ta ce masa ba ita ba ce.

"Ta Abba tana da ciwo a ƙofar baya. Inda kika buge get."

Auta ta zauna daɓas a ƙasa.

Ƙofar baya. Ta rufe ido ta sake ganin teburin. Lotsewar a ƙofar baya take, ta hagu. Hatsarin kuwa gaban motar ya cinye, bai taɓa bayanta ba. Wannan lotsewar tata ce. Ranar da marigayi yake koya mata tuƙi, ta taka mai a maimakon birki, ta goga motar da get ɗin gidansu. Ta fito tana kuka, shi kuwa ya riƙe ciki yana dariya. Har ya bar duniya bai kai ta gyara ba. Duk wanda ya tambaya sai ya ce sa hannun matarsa ne.

Ta rungume 'yarta har sai da yarinyar ta ce za ta makara.

Da rana ta bar shagon a hannun maƙwabciyarta ta nufi asibitin haƙori. Ta same shi a ɗakin aikinsa na baya, da takunkumi a fuska, yana goge wani jerin haƙora da 'yar na'ura. Ya kashe ta, ya miƙe, bai san inda zai sa hannuwansa ba.

"Na zo in ba ka haƙuri," ta ce. "Amma kafin nan, ka yi laifi."

"Na sani."

"Ba ka sani ba tukuna. 'Yata tana manta fuskar ubanta, kai ka ji, ni uwarta ban ji ba. Yarinya 'yar shekara shida ba ta riƙe sirri da babba a bayan idona, ko da na alheri ne. In za ka shigo rayuwarmu, wannan ne na farko kuma na ƙarshe."

Ya sauke takunkumin. Ya ce ta yi gaskiya, ya riƙe alkawarin yarinya ya manta haƙƙin uwa, kuma ba zai sake ba. Bai kare kansa da komai ba. Sai da ta tambaya sannan ya yi mata bayani: kowace mota haka take kafin a haɗa ta. Ana fentin kowane sashe daban, tayoyi sai jiki ya bushe, gilashi kuma shi ne ƙarshe don kada tururin gam ya dusashe shi. 'Yar gwaggonsa ta sha ganin motocinsa a haka, ta san ba hatsari ba ne. Ta daɗe tana jiran ya dube ta, shi kuma ya daɗe da faɗa mata ƙanwa ya ɗauke ta. Ya ce mahaifiyarsa ta ji abin da ta yi, kuma sun yi maganar da ya kamata.

"Kuma ka gasa cokali kana murmushi?"

"Ƙofa uku na lalata kafin ta yi daidai. Da ta yi, dole na yi murmushi."

Auta ta sunkuyar da kai. Dariya da kuka suka taho mata tare.

"Ka yafe min abin da na ce a shago."

"Tun kafin in kai bakin titi, abar ƙaunata."

Ta ce ya rage zaƙin baki, haƙoran mutane na jinsa. Sannan ta ce ya gama motar, amma ba a shago zai kawo ta ba. A gida, gaban Umma.

Ranar da ya zo, kowa na falo. Umma na kan kujerarta fuska a ɗaure, Yaya ya jingina da ƙofa yana tambaya ko a buɗe get ne motar ta shigo. Bakanike ya gaida su, ya ajiye kwali a kan tebur, ya ɗaga murfin.



Ga ta a kan tayoyinta huɗu, gilasanta garau. Shuɗin ya ɗan koɗe a rufi kamar wadda ta sha rana. Ƙura a gindin ƙofofi, jan zare a madubi. A kujerar baya ga wata 'yar mitsitsiyar yarinya da ƙafafu ba su kai ƙasa ba.

Fasinja ta durƙusa, ta ɗora haɓarta a kan teburin. Ta zagaya ta duba gaba, ta duba baya. Ta kai ɗan yatsa ta shafa lotsewar.

"Ita ce," ta ce. Can kuma, a hankali: "Mama... na tuna yadda yake juyowa ya ce Fasinja, ina muka nufa."

Umma ta kai gefen mayafinta ido. Yaya ya yi gyaran murya, ya leƙa cikin motar don ya ɓoye tasa fuskar, ya ce to ga fasinja, ina direba? Ko bakaniken ne zai shiga da kansa?

"Wannan kujerar tana da mai ita, Yaya," in ji Bakanike. "Ban zo in zauna a kanta ba. In an yarda min, a gefe zan tsaya in riƙa kula da motar."

Umma ta daɗe tana kallon mutumin da ta ce zai yi faɗa da jikarta a kan kayan wasa. Daga bisani ta ce wa Yaya ya daina tsayuwa kamar sanda, ya kawo wa sabon ɗanta ruwa.

Auta ta matso kusa da teburin. Ta duba ƙofar bayan da kyau, ta ce akwai abin da ya rage. Get ɗin kore ne, kuma ya bar zane a tsakiyar lotsewar, siriri, ya ɗan karkata sama. Fasinja ba za ta tuna ba, Bakanike kuma ba zai sani ba.

Ya laluba aljihunsa ya fito da 'yar kwalbar fenti da burushi mai gashi kamar gashin ido. Ya ce irin na ruwa ne, ba ya wari, ya taho da kaloli ko za a ce a gyara wani abu. Ya tsoma bakin burushin, ya miƙa mata.

"Zan ɓata maka aiki."

"Ke kika yi na farkon. Babu mai yin sa kamar ke."

Ya riƙe mata motar da yatsu biyu. Ta ja numfashi, ta ja layin. Ya ɗan karkace, kamar yadda na gaskiyar ya karkace.

Ba a daɗe ba aka yi aurensu. A sabon gidan, kabad ɗin fenti yana da makulli, makullin kuma yana jakar Auta. Motocinsa suna jere a bayan gilashi, sama da inda hannun yara ke kaiwa. Guda ɗaya ce kawai aka sauko da ita ƙasa, a kan teburin gefen gadon Fasinja, an juyo da ƙofar bayanta wajen matashin kai.